Garma Daban, 'Yar Fartanyar Lambu Daban

A bakin yawancinmu bindiga iri uku ce: ta maharba, fistol, sai AK-47. Duk ƙarfen da ke aman harsasai a jere, in dai ba mai jigida ba ne da ake girkewa a bayan mota, to sunansa AK. Wanda abu ya faru a gabansa zai ce AK ya gani, ɗan jarida ya rubuta AK, mai karanta labarai ya shelanta wa duniya AK. Abin ya daɗe yana damuna, domin mu mutane ne masu bambance kayan aiki filla-filla in sana'armu ce. Je ka ƙauye ka ce wa manomi ya miƙo maka abin noman can, sai ya tambaye ka wanne daga ciki.

Garma ruwanta faɗi gare shi, ga nauyi. Da hannu biyu ake kama ta, a duƙa, a kafta, a kifar da ƙasa, kunya ta tashi. Fili take so, kuma a fili babu mai ja da ita. Amma sauka fadama ka tsaya kan mai lambu yana aiki a fangalin albasa. A tsugune yake, riƙe da wata 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, ruwanta bai wuce faɗin yatsu uku ba. Tsakanin wannan tushe da wancan bai fi tafin hannu ba, shi kuwa yana ratsawa, wuyan hannu kaɗai ke motsi, kuma in ya tashi ba za ka ga ganye ɗaya da ya sare ba. Ba shi garma ka ce ya shiga wannan fangali, kafin la'asar an yi asarar albasar shekara. Maƙeri ɗaya ne ya ƙera su biyun, wataƙila ma daga ƙarfe ɗaya, sai dai kowace da wurin da aka nufa da ita.

Bindigar da ake kira sabmashin ita ce 'yar fartanyar lambu a cikin kayan soja. AK-47 da G3 da danginsu su ne garma.

Abin da ke raba su ba tsawo ba ne, ko da yake ido tsawon yake fara gani. Harsashi ne. Sabmashin bindiga ce mai sarrafa kanta wadda ke cin harsashin fistol. Mafi yawansu suna cin wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a Jamus a farkon ƙarni na 20, mai kaurin milimita 9 da kwanso mai tsawon milimita 19. Ajiye shi kusa da na AK ka duba. Na fistol gajere ne, duƙurmi, kansa a mulmule, kwansonsa miƙaƙƙe daga gindi har baki. Na AK kaurinsa milimita 7.62, kansa tsini, kwansonsa milimita 39, yana da kafaɗa inda ya tsuke kafin ya kama kan. Abin mamaki, kawunan biyu kusan nauyinsu ɗaya, wajen giram 8. Bambancin yana cikin albarushin da ke bayansu. Na fistol yana barin bakin sabmashin da gudun kimanin mita 400 a daƙiƙa, na AK kuwa ya haura mita 700, kuma ƙarfin dukansa ya ninka na ɗan uwansa sau uku da ɗoriya. Shi ya sa mai AK ke iya samun mutum daga mita 300, mai sabmashin kuwa da an wuce mita 100 zuwa 150 ya fara zama ɗan kallo.

Tunda ba a buɗe bindigar mutum a duba abin da ke ciki, sai a dubi gidan harsashin. Gajeren harsashi siririn gida yake buƙata. Gidan harsashin sabmashin, in ka kalle shi ta gefe, bai fi faɗin yatsu biyu ba. Na AK ya kusa ninka haka, ga lanƙwasa sosai. Wannan alama ta fi tsawon bindiga gaskiya, domin akwai bindigogin da aka gajarta har suka yi kama da sabmashin alhali garma ce aka datse wa ƙota. Wadda aka riƙa gani jingine a bayan Usama bin Laden a bidiyoyinsa, AKS-74U, gajeruwa ce ƙwarai, amma harsashin babbar bindiga take ci. Haka Tavor ta Isra'ila da ake gani a hannun jami'an DSS a Najeriya. Ta yi gajarta ne saboda an mayar da gidan harsashinta bayan kunama, kusa da kafaɗa, bututunta kuwa cikakke ne.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan ga wanda ba soja ba. Amfanin yana nan inda aka yi ta'asa aka watse. Kwanson da ya zube a ƙasa yana ɗauke da tambarin masana'anta, sau da yawa har da shekarar da aka yi shi, a gindinsa. Da irin waɗannan alamomi, da lambobin jikin bindigogin da aka kama, masu binciken Conflict Armament Research suka bi sawun makaman rikicin makiyaya da manoma a Najeriya, a rahoton da suka fitar a 2020. Sun gano wasu sun fito daga rumbunan sojan Libiya da na Kwaddibuwa, wasu kuma daga na jami'an tsaron Najeriya kanta. Shaidar da ta ce siririn gida ta gani, ko gajeren kwanso, ta ba mai bincike bakin zare. Wadda ta ce AK don an saba faɗin haka ta toshe masa hanya ba da niyya ba.

A rami aka haifi sabmashin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun shekara huɗu a cikin ramuka masu kwana-kwana a Faransa da Beljiyam, riƙe da dogayen bindigogi da aka yi domin harbin nesa. In aka faɗa ramin abokan gaba, doguwar bindiga sai ta zama kaya, kafin ka juya ta an riga ka. A 1918 Jamusawa suka ba dakarunsu masu kutse MP18, ƙirar Hugo Schmeisser. Ta zo a makare, ba ta sauya sakamakon yaƙin ba, amma kowa ya ga abin da ta iya. Amurka ta fito da Thompson, mai cin harsashi mai kauri, wadda 'yan daban Chicago suka ɓata wa suna kafin sojojin kundumbalan Ingila su ɗauke ta a 1940. Rasha ta yi PPSh-41 mai zagayayyen gida na harsashi 71, ta ƙera miliyoyi.

Ingila kuwa, bayan ta baro tarin makamai a Dunkirk a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta yi Sten a 1941. Bututun ƙarfe ne kawai da walda, gidan harsashi 32 yana fita ta gefen hagu, kuma ƙananan masana'antu ma suna iya yin sassanta. An yi kusan miliyan 4, ana jefa wa mayaƙan sunƙuru daga jirgin sama a ƙasashen da Hitler ya mamaye. Arha tana da nata farashi. Ranar 27 ga Mayu 1942, a wata kwana a birnin Prag, Jozef Gabčík ya sha gaban motar Reinhard Heydrich, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kisan Yahudawa, ya ɗaga Sten, ya ja kunama, bindiga ta cije. Abokinsa Jan Kubiš ne ya jefa gurneti, raunin da ya yi wa Heydrich shi ya kashe shi ranar 4 ga Yuni. An yi watanni ana shiri, an sauko da mutum biyu da lema daga Ingila, ƙarfen da aka dogara da shi ya ƙi a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Waɗanda suka biyo bayan yaƙin kowace da fuskarta. Sterling ta Ingila, magajiyar Sten, ita ma gidanta a gefen hagu yake, sai dai a lanƙwashe, harsashi 34, kuma ƙarfen da ya rufe bututunta duk huji ne. Tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin basasa sun san ta. Beretta M12 ta Italiya mariƙi biyu gare ta, gaba da baya, gidan harsashi a tsakaninsu, kuma tana cikin bindigogin farko da masana'antar DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta ƙera. Uzi, ƙirar Uziel Gal da sojan Isra'ila ya karɓa a 1954, ba ta ɓuya: jikinta murabba'i, gidan harsashi yana shiga ta cikin mariƙin da hannu ke kamawa. Hikimar ita ce ko a duhu hannu ba ya ɓata hanyar ɗan uwansa, don haka soja zai sauya gida ba tare da ya duba ba. Duniya ta ƙare mata kallo ranar 30 ga Maris 1981, lokacin da aka harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington, wani mai tsaronsa ya zaro ta daga jaka ya tsaya yana waige-waige.

Amma in ana maganar dakaru na musamman, suna ɗaya ne ke gaba, wato MP5 ta kamfanin Heckler & Koch, wadda 'yan sandan Jamus ta Yamma suka fara riƙewa a 1966. Duk wanda ya san G3 zai gane ta nan take, domin ƙanwarta ce, tsarin cikinsu ɗaya. Akwai zobe a gaba da ya kewaye tsinken saiti. Akwai bututu na biyu a saman na harbi, da ɗan hannun ɗana bindiga a gefen hagunsa. Gidanta siriri ne mai 'yar lanƙwasa, harsashi 30. Tana da 'yan uwa biyu da ake yawan gani: MP5K ta 1976, gajeruwa mai mariƙi a gaba, wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin kwat, da MP5SD ta 1974, mai kaurin gaba saboda na'urar danne ƙara da aka haɗa da jikinta. A cikin SD an huhhuda bututun domin harsashi ya rage gudu ya koma ƙasa da gudun sauti, sai tsawar da ke bin harsashi ta ɓace.

Dalilin da ya sa zaratan sojoji suka zaɓe ta yana cikin wani ɗan motsi da ido ba ya gani. A Sten da Sterling da Uzi, ƙarfen da ke tura harsashi yana zaune ne a baya, a ɗane. Da ka ja kunama sai wannan dunƙulen ƙarfe, mai nauyin wajen rabin kilo ko fiye, ya rugo gaba, ya kwaso harsashi, ya cusa, sannan ya fasa. Kafin harsashi ya fita bindigar ta riga ta girgiza a hannunka. A MP5 harsashin yana zaune a mazauninsa tun farko, ƙofa a rufe, ɗan ƙaramin ƙarfe ne kawai ke bugunsa. Harbin farko yana zuwa inda aka saita. A filin daga wannan ba wani abu ba ne. A cikin ɗakin da kan mai garkuwa da kan wanda aka yi garkuwa da shi ba su fi tafin hannu tsakani ba, rai ne. Ba mutum nake kwatantawa da ciyawa ba, Allah ya kiyaye. Albasar nake kallo, wadda saboda ita aka shiga fangalin tun farko.

Jamus da jini ta koyi wannan. A gasar Olamfik ta Munik, a Satumba 1972, mahara 8 na ƙungiyar Black September suka kutsa masaukin 'yan wasan Isra'ila. Ƙasar ba ta da rundunar da aka horar domin irin wannan rana. A filin jirgin Fürstenfeldbruck aka jera 'yan sanda 5 a matsayin gwanayen harbi, da dare, ba madubin hangen nesa, ba rediyon da za su yi magana da juna. 'Yan Isra'ila 11 suka mutu, da ɗan sanda ɗaya, da mahara 5. Kafin watan ya ƙare aka kafa irin wannan runduna, GSG 9, a ƙarƙashin Ulrich Wegener. Shekara 5 bayan haka, a Oktoba 1977, mutum 4 suka sace jirgin Lufthansa da ya tashi daga Mallorca, suka yi ta yawo da shi har Aden, inda suka kashe matuƙin, sannan Mogadishu. Da tsakar daren 18 ga wata sojojin Somaliya suka kunna wuta a gaban jirgin domin ɗauke hankalin maharan, mutanen Wegener suka hau tsani suka buɗe ƙofofi. Cikin jirgi siririn lungu ne tsakanin kujeru, ko'ina kawunan mutane. Fasinjoji 86 suka sauka da ransu.

Wanda ya fi shiga idon duniya shi ne na Landan. Ranar 30 ga Afrilu 1980, Larabawa 6 'yan yankin Khuzestan na Iran suka mamaye ofishin jakadancin Iran da ke Princes Gate, suka tsare mutum 26, suna neman a saki fursunoni a Iran. Aka yi ta lallami, suka saki 5. A rana ta 6, Litinin 5 ga Mayu, suka kashe wani ma'aikacin ofishin suka jefo gawarsa waje. Gwamnatin Margaret Thatcher ta miƙa al'amarin ga SAS, rundunar zaratan sojojin Ingila. Da yamma, ana kallo kai tsaye a talabijin, aka ga mutane cikin baƙaƙen kaya da takunkumin kare hayaƙi a kan baranda, kowa da MP5 a ƙirji, suka fasa taga da nakiya suka shige. A bayan ginin, inda kyamara ba ta kai sosai ba, wasu suna saukowa daga rufi da igiya. Igiya ta harɗe ɗaya daga cikinsu, ya maƙale a saitin tagar da labulenta ya kama da wuta, ƙafafunsa suka ƙone kafin a yanke igiyar, ya faɗo, ya tashi ya shiga ginin tare da 'yan uwansa. Gini ne mai ɗakuna sama da 50, cike da hayaƙi da kururuwa. Cikin minti 17 aka gama. An fito da mutum 19 da rai, maharan sun kashe ɗaya ana cikin artabun. An kashe mahara 5, na shidan ya saje da waɗanda aka ceto har aka nuna shi, ya yi shekara 27 a kurkuku.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ceto sun ce biyu daga maharan sun riga sun zubar da makamai lokacin da aka harbe su. Kotun binciken mutuwa ta wanke sojojin, amma maganar ba ta mutu ba har yau. Aiki a ƙuntataccen wuri haka yake, hukuncin da za a shekara ana muhawara a kansa cikin ƙiftawar ido ake yanke shi.

Bayan wannan rana rundunonin 'yan sanda da na soja a ƙasashe da dama suka yi layin sayen MP5, har Pakistan da Turkiyya da Girka da Iran suna ƙera ta a gida. A ganina da yawansu sun sayi fartanyar ne suka bar hannun a Hereford. A can SAS ke da gidan atisaye inda ake shiga ɗaki da harsashi na gaske, abokin aikinka yana zaune a kujera a matsayin wanda aka kama, allunan da za ka harba suna gefensa. MP5 tana fitar da harsashi kimanin 800 a minti, ma'ana gida mai 30 zai ƙare cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai in ka danne kunama. Wanda ya ƙware ba ya dannewa. Ɗaya yake saki, ko biyu, ko uku, ya duba, ya matsa. Barin wuta ba ƙaƙƙautawa da ake gani a fim aikin wanda tsoro ya kama ne. Mai lambun nan ma ba ranar da ya sayi fartanya ya iya ratsa albasa ba, tun yana yaro yake tsugune a bayan mahaifinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ko hannun ya ƙware, ba kullum ake dacewa ba. Mu ma mun gani a gida. Ranar 8 ga Maris 2012, a unguwar Mabera ta Sakkwato, dakarun SBS na Ingila da jami'an tsaron Najeriya suka kai samame gidan da ake tsare da injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi tun Mayun 2011. Da rana tsaka aka shiga, aka yi ta musayar wuta, kafin a kai ga mutanen biyu masu tsaronsu sun kashe su. Zaratan da suka je ba su gaza na Landan horo ba. Lokaci ne ya ƙwace, kuma babu bindigar da ke dawo da shi.

Yau tauraron sabmashin ya dusashe a hannun dakaru na musamman, kuma dalilan a fili suke. Na farko sulke. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 'yan fashi biyu sanye da rigunan sulke suka fito daga wani banki a North Hollywood, a Los Angeles, 'yan sanda suna ta harbinsu da fistol mai milimita 9, su kuwa suna tafiya suna mayar da wuta. Harsashin da riga ta tare daga fistol, za ta tare shi daga sabmashin. Na biyu, yaƙe-yaƙen Afghanistan da Iraƙi sun nuna cewa sojan da ya gama share gida yana fitowa ne ya tarar ana harbinsa daga tsauni ko daga ƙarshen titi. Lambu da gonar tudu sun haɗe, kuma mutum ba ya iya saɓa kayan aiki biyu. Sai aka koma ga gajerun manyan bindigogi irin M4 da HK416, masu shiga ɗaki su kuma kai nesa. Na uku, gwaje-gwaje sun rage wa wata tsohuwar magana ƙarfi, wadda ke cewa harsashin fistol ba ya ratsa bango ya sami na ɗaki na gaba. Yana ratsa bangon katako da na allo sarai, wani lokaci ma ɗan siririn harsashin M4 da HK416, mai milimita 5.56, ya fi shi saurin tarwatsewa.

Maƙeran Turai sun nemi tsaka-tsaki. FN ta Beljiyam ta fito da P90 a 1990, wadda gidan harsashinta na roba mai ɗaukar 50 ke kwance a saman bindigar, ana hango abin da ya rage a ciki. Heckler & Koch ta biyo da MP7 a 2001, mai kama da babbar fistol. Dukansu suna cin ƙananan harsasai masu tsini da gudu, na P90 milimita 5.7, na MP7 milimita 4.6, waɗanda aka yi domin huda sulke. A kan ko suna da ƙarfin tsayar da mutum nan take, har yanzu sojoji ba su daidaita ba.

Tsohuwar mai milimita 9 ba ta tafi ba, ta koma inda ta fi dacewa ne: cikin mota, cikin jirgin ruwa, ƙarƙashin rigar mai tsaron babban mutum, hannun ɗan sandan filin jirgi, da duk aikin da ake son a yi shi ba ƙara. A 2019 sojan Amurka, wanda rabonsa da karɓar sabuwar sabmashin a hukumance tun zamanin M3 ta Yaƙin Duniya na Biyu, ya sayi APC9K ta kamfanin B&T na Suwizalan domin masu tsaron manyan kwamandoji. A dazukan Sambisa da Zamfara, da sararin Tillaberi da gaɓar Tafkin Chadi kuwa, inda ake hango juna daga nesa a kan babura, da wuya ka ga soja ya fita sintiri da ita, ko da na musamman ne.